Daren da Aka Ɗaure Don Clímaco da Wayoyi

"Ki ƙara gam ɗin, 'yar nan, kan nan ba irin na mutanen birni ba ne," in ji Don Clímaco Turizo. Yana zaune a bakin gadon asibiti daga shi sai singileti da gajeren wando, ma'aikaciyar tana tsaga furfurarsa tana manna masa wayoyi a fatar kai. "Kan da kike gani, katakon gada ya faɗo masa a shekarar ambaliyar da ta cinye rabin garinmu. Katakon ne ya tsage."

"To Baba, tsaya cak. Ni wayoyina ba su kai katako ƙwari ba."

Sunanta Yurleidis, kuma da ganin yadda take aikinta ka san ta saba da tsofaffi masu surutu. Ta manna masa waya a gefen ido, ta manna a haɓa. Ta ɗaura masa ɗamara a ƙirji, wata a ciki. Ta saƙala masa siririn tiyo a ƙofar hanci, ta matse masa yatsa da wani abu mai jan haske. Da ta durƙusa za ta manna biyu a ƙaurinsa, sai ya janye ƙafa.

"Ƙafar kuma me ta yi? Da ƙafa ake minshari?"

"Muna duba ko kana shure-shure cikin barci."

"Ni? Tambayi matar can."

Matarsa Edelmira tana tsaye a bakin ƙofa da jakar abinci a hannu. Ta ce, "Kada ki tambaye ni, 'yata. In na buɗe baki sai gari ya waye ba a fara ba."

Mu da muka tashi a bakin kogin Magdalena mun san Clímaco. Ba wanda ya taka ƙofar makaranta a cikinmu, amma kogin da ya cinye masu takarda bai iya cinye mu ba, kuma a cikinmu ma shi daban ne. Tun yana saurayi yake tuƙa chalupa, jirgin fasinja mai inji, daga tsibirinsu zuwa tashar Magangué. Ya kife ya fita. Ya tsamo mutanen da ruwa ya ci, wasu da rai, wasu don a samu abin binnewa. Ya san kogin nan da duhu kamar yadda ya san hanyar bakinsa.

Sai ga shi watan jiya, da rana tsaka, jirgi cike da mata 'yan kasuwa, ya hau kan wani tudun yashi da ko yaron goye ya san da zamansa. Ba wanda ya mutu, amma wata mai sayar da kifi ta karye a hannu, kuma duk fasinjojin bakinsu ɗaya: haɓar matuƙi a ƙirjinsa take lokacin da abin ya faru. Shi ya ce yashin ne ya matso. Ubaldo, shugaban ƙungiyar masu jirage, amininsa ne, shi ya tsaya wa Nelcy 'yar Clímaco a wurin baftisma. Duk da haka ya karɓe mabuɗin jirgin.

"Aminina, ka je Sincelejo likitocin barci su duba ka. Ka kawo mini takarda, in ba ka mabuɗinka. Ba takarda, ba jirgi."

A cikin motar zuwa Sincelejo ne dabara ta faɗo masa. Na'ura minshari take nema. To idan mutum ya rufe ido ya kwanta shiru har asuba bai yi barci ba, me za ta kama? Don haka da suka sauka a tasha ya ce wa Edelmira zai kewaya, ya zagaya bayan rumfa ya ɗirki baƙin kofi kofi bayan kofi, alhali an gargaɗe shi kada ya taɓa.

"Na gama," in ji Yurleidis. Ta tattara wayoyin duka ta jona su a wani ɗan akwati a gefen gado. "Ina ɗakin da ke kusa. Ina ganinka ta kyamarar can, ina jinka. In fitsari ya kama ka, yi magana kawai, kada ka tashi da kanka."

"Fitsarin ma sai da izini?"

"Yau dai sai da izini, Baba."

Edelmira ta yi masa alamar gicciye da hannu daga bakin ƙofa, ta koma kan kujerar da aka ba ta a farfajiya. Aka kashe fitila, aka ja ƙofa.

Ɗakin ba taga. Wannan ne abin da ya fara damunsa. Na biyu gadon. Don Clímaco bai san kwanan gado ba. A cikin jirginsa yake kwana saboda ɓarayin inji, a ragar lilo da yake ɗaurawa tsakanin ƙarafunan rumfa, daidai ƙasan barandar gidansu. Raga tana rungumar mutum, tana tafiya da shi in ruwa ya motsa. Wannan kuwa shimfiɗe yake kamar teburin yankan kifi, shi ne kifin. Na'urar sanyi tana hura masa iska mai warin magani. Ba kukan kwaɗi, ba ƙarar ruwa a jikin katako. Ɗigon haske ja a kusurwa yana kallonsa, wani a yatsarsa. In ya juya kai, gam ya ja masa gashi. In ya ɗaga hannu, wayoyi su biyo shi.

Ya rufe ido, ya daidaita numfashi, a hankali, a hankali, irin na jariri. Har ya ɗan saki baki don abin ya yi kyau. Ya daɗe a haka yana yaba wa kansa.

"Don Clímaco." Muryar Yurleidis ta fito daga bango.

Ya ƙara runtse ido.

"Don Clímaco, na san idonka biyu."

Ya ƙara sakin baki.

"Baba, wayoyin kanka ƙwaƙwalwa suke saurare. Mai barci daban take rubutawa, mai wasan kwaikwayo daban. Kai yanzu kamar kasuwar Magangué ce ranar Asabar."

Ya buɗe ido ya harari kyamara. "To ke mayya ce?"

"Kofi nawa ka sha?"

"Wa ya ce miki na sha?"

"Zuciyarka. Gudu take kamar ta saci kaza." Ya ji ta yi 'yar dariya, sannan muryarta ta sauka. "Bari in gaya maka gaskiya. In ba ka yi barci ba, abin da zan rubuta shi ne gwaji bai yiwu ba. Ba za a ce lafiyarka lau ba. Sai ka koma bayan layi, kuma layin nan sai bayan Kirsimeti."

Ta bar shi da lissafi. In ya yi barci, na'ura ta kama shi. In bai yi ba, jirginsa ya ci gaba da zama a hannun yaron da Ubaldo ya ɗora, wanda ke shiga kwana kamar mai tuƙa babur. Shi da ya taɓa maƙalewa a ƙarƙashin jirgin da ya kife, ya fito da ƙarfin ƙirjinsa. A can akwai abin da za a tura, akwai inda za a yi iyo. Nan ba abin turawa. Yarinya ce da ya isa ya haifi uwarta, da zare-zare masu kaurin gashin doki, kuma sun riƙe shi tam.

"'Yar nan."

"Na'am, Baba."

"Ki san da cewa ni barcina ba irin na mutane ba ne. Mu 'yan kogi da igiya muke kwana. Siririya, ɗaya bakin a idon sawu, ɗaya a turken da ke bakin gaɓa. Jirgi ya kwance, ko ruwa ya ƙaru, ko ɓarawo ya tura, igiya ta ja ka. Ni kogi yana tashina sau goma a dare. Ya ɗan ja ni, in farka, in duba, in koma. Wane mai ciwon barci ne zai iya haka?"

"To yau ba kogi. Huta."

"Kawai dai ki sani."

Ya yi niyyar ya ƙara tunani a kan lamarin. Ya fara jera kwane-kwanen kogi a kansa daga tsibiri zuwa Magangué, yana kauce wa kututturan da ya sani. Bai kai rabin hanya ba. Kofin tasha ya yi iya ƙoƙarinsa, amma mutumin da barci ya kayar da rana tsaka a kan inji mai ruri ba kofi ne zai tsayar da shi a kan gado ba.

Abin da ya sani na gaba shi ne an ja shi a ƙafa. Ja mai ƙarfi, irin na jirgin da ya tsinke.

"Jirgi ya kwance! Edelmira, fitila!"

Ya diro cikin duhu, ya cafki igiyar da hannu biyu, ya shiga janta hannu bayan hannu kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Wani abu ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Fatar kansa ta ɗau zafi. Ya ci gaba da ja, yana neman gefen jirgi da ƙafa, sai ƙofa ta buɗe haske ya cika ɗakin.

Ga shi tsaye a tsakar ɗaki, dunƙulen wayoyi a hannu, wasu na reto daga haɓarsa, akwatin yana ƙasa. Wayar ƙaurinsa ce ta naɗe a ƙarfen gado da ya yi shure-shure.

Yurleidis ta dafe kai. "Wayyo Allah, Baba! Ka san tsawon lokacin da na ɗauka ina manna su?"

"Ban yi barci ba," in ji shi, yana haki. "Ina dai gyara kwanciya ne."

Ta dube shi, ta dubi akwatin. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ga bai fashe ba. Sannan ta ce, "Zo. Bai kamata in nuna maka ba, aikin likita ne. Amma kai in ba ka gani da idonka ba, sai ka tsinke mini wasu."

Ta kai shi ɗakinta, ɗan ƙarami mai allon kwamfuta biyu. Ɗaya cike da layuka masu rawa. A ɗayan ga bidiyon da kyamara ta ɗauka ɗazu, wani tsoho cikin toka-toka, kwance rigingine, baki buɗe. Ta ƙara sauti. Minshari ya cika ɗakin, kamar injin da ruwa ya shiga tankinsa.

"Wannan na ɗakin maƙwabta ne."

"Kalla dai."

Minsharin ya yanke ɗif.

Tsohon da ke cikin allo bai motsa ba. Sai ƙirjinsa ya fara ɗagawa, yana faɗawa, cikinsa yana ja ciki, amma ba iskar da ke shiga. Maƙogwaro yana aiki a banza. Yatsun hannu suka fara ɗan karkarwa. Don Clímaco ya san wannan. Ya sha ganinsa a kan yashi, a jikin mutanen da ya jawo da gashin kai daga ƙarƙashin ruwa. Ya jira. Shirun ya ƙi ƙarewa. Ya matso da fuska kusa da allon.

"Ku juya shi," ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi: "Ku juya shi mana! Kuna kallo zai tafi!"

Tsohon allo ya yi wata irin shaƙa, ƙafafunsa suka harba, minshari ya dawo. Ba a jima ba ya sake yankewa.

Don Clímaco ya lalubi kujera ya zauna. "Sau nawa ya yi haka?"

"Na bar wa kwamfuta ƙirga. Ba ka yin minti biyu ba ka yi ba. Shi ya sa kake tashi da safe kamar ba ka kwanta ba, shi ya sa rana take kayar da kai."

"Gadon nan ne. Ɗakin nan ne da ba taga. A gida kogi ba ya barina in yi nisa haka, yana jan..."

"Wane kogi?"

Edelmira ce a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa. Ihunsa ne ya taso ta.

"Wane kogi, Clímaco? Kogin da ya san lokacin da ka daina numfashi? Turken igiyarka a ina yake? Ba a gindin barandata ba? Kai ka taɓa tambayar kanka me ya sa na fitar da gadona baranda, sauro yana cina?"

"Kin ce zafi."

"Na ce zafi. Ina kwance ina jin injin nan na maƙogwaronka. In ya mutu sai in yi Addu'ar Ubangiji a zuciya. In na kai ƙarshe bai tashi ba, in miƙa hannu in fizgi igiya. Kai kuma ka farka ka haska fitila, ka zagi kogi, ka koma. Da safe ka je tasha kana cika baki wai ruwa yana magana da kai."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Nelcy ta yi aure."

Ya dube ta. Sai yanzu ya lura da baƙin da ke ƙasan idanunta. Ya daɗe yana ganinsa, ya ɗauka tsufa ne.

Yurleidis ta buɗe kabad ta fito da wani abin roba mai madauri, da tiyo mai kauri a jikinsa. "Abin da na samu ya isa. Likita ya ba mu izini, in abin ya yi tsanani haka, mu gwada wannan a sauran daren. Yana tura iska ta hanci, maƙogwaro ba ya rufewa. Direbobin manyan motoci da yawa suna kwana da shi, an mayar musu da mabuɗansu. In ya karɓe ka, likita zai rubuta cewa kana kan magani."

"Takunkumi," in ji shi. "Irin na jaki."

"Jakin da zai koma tuƙi."

Ya karɓa ya jujjuya. Ya bi tiyon da ido har zuwa na'urar, ya bi wayar na'urar har bango. "Da wuta yake aiki?"

"Duk dare, har safe. Kuma yana rubuta daren da aka sa shi da wanda ba a sa ba. Likita zai gani."

"A tsibirinmu ana gama labaran dare ake kashe janareta."

"Wanda ake bayarwa dai sai da wutar bango, Baba."

Edelmira ta ce, "Nelcy ta daɗe tana cewa mu dawo Magangué. Ɗakin bayansu yana nan. Ubaldo zai iya ba ka jirgin da ke tashi daga can."

"Gidan mijinta Wílmer?" Ya miƙe. "In kwana a ƙarƙashin rufin mutumin da ke amai tun jirgi bai bar gaɓa ba? Mai sayar da rigunan wayar hannu? Ɗakin da bangon maƙwabci ya toshe? Cire mini sauran tarkacen nan, 'yar nan. Mun tafi."

"Ƙofa ba a kulle take ba," in ji Yurleidis. "Zan cire maka. Amma abin da na gani na gani, kuma likita zai gani. Takardar da za ka kai wa shugabanku za ta ce kana da ciwon, ka ƙi magani."

Ya tsaya da wayoyi a haɓa. Ya dubi ƙofar. Bayanta farfajiya ce, bayan farfajiya titi, bayan titi mota zuwa kogi, inda zai kwana a ragarsa ƙarƙashin taurari a cikin jirgin da ba zai sake tuƙawa ba, matarsa tana zaune a baranda da igiya a hannu. A allo, tsohon nan ya sake yin shiru. Ya juyo ya zuba masa ido har ya shaƙa.

"Kashe wannan abin," in ji Don Clímaco. Ya koma ɗakinsa da ƙafarsa ya zauna a bakin gado. "In za ki manna, ki manna da kyau. Na farkon ma ba su kamu ba, shi ya sa suka fita."

Ta sake mannawa, ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon bai ba ta labarin komai ba. Da ta ɗaura masa takunkumin ta kunna, iska ta banko masa hanci, ya zabura zai fizge. Ya buɗe baki zai yi zagi, iskar ta fice ta bakin da wani irin sauti, maganar ta ƙi fita.

"Rufe baki, Baba. Da hanci kawai."

"Yau na ga abin da ya gagare ni shekara da shekaru," in ji Edelmira daga ƙofa.

Ya harare ta ta saman robar. Aka kashe fitila. Ya kwanta yana kokawa da iskar, yana turawa tana turowa. Can ya gaji ya bar ta. Sai ya ji ashe ya san ta: irin wadda ke dukan fuska ce in jirgi ya miƙe a babban ruwa da sassafe. Ya ce bari ya ɗan saurare ta.

Hannu ya ji a kafaɗarsa. "Don Clímaco, gari ya waye. Har masu shara sun zo."

Ya buɗe ido. Bai san inda dare ya tafi ba. Kansa wasai, babu nauyin nan da ya saba tashi da shi kamar an ɗora masa buhun rogo a goshi. Bakinsa ba ɗaci. Har tsoro abin ya ba shi.

"Yaya ka ji?" in ji Yurleidis tana goge masa gam da auduga.

"Ba laifi. Na taɓa yin wanda ya fi shi."

Ya sa rigarsa ya fito farfajiya. Edelmira tana kan kujera, kai ya karkata jikin bango, baki buɗe, jakar abinci ta zame ƙasa. Mai shara tana goge-goge a gindin ƙafafunta, ko motsi ba ta yi ba. Yurleidis ta nufe ta, ya ɗaga hannu.

"Ƙyale ta."

Ya sunkuya ya zaro wayar hannu daga jakar, ya miƙa wa Yurleidis. "Nemo mini Nelcy a ciki. Idona ba ya son ƙananan rubutu da safe."

Ta nemo, ta danna, ta ba shi. Ya matsa can ƙarshen farfajiya, ya juya baya.

"Nelcy? Ni ne. Lafiya lau, sun ce ba su taɓa ganin ƙirji irin nawa ba. Saurara. Ki gaya wa mijin nan naki ya kwashe kwalayensa daga ɗakin baya." Ya yi shiru yana saurare. "Na sani ba taga. Ba taga na tambaye ki ba. Akwai wurin jona wuta kusa da gado?"